Dutsen Barkonon Inna Tamadi

Da sunan Wanda ya jera ƙashi a kan ƙashi, ya lulluɓe da tsoka, ya ce tashi, aka tashi. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, zan mayar muku kafin tuwo ya huce. Ni ne Cindo ɗan Nomau, maɗori ɗan maɗori, mai yatsa shida a hannun dama. Na taka ƙasashen da ba su da suna, na sha ruwan kogin da ke gudu zuwa tudu, na ga abin da na gane, na ga abin da har yau ban gane ba. Na biyun ya fi yawa, kuma shi zan ba ku.

Haushi ne ya fitar da ni daga gida. Sai ka ɗora wa mutum ƙafa, ka ɗaure da kara da tsumma, ka yi ta zirga-zirga har ya warke, damina na wucewa ya hau giginya ya faɗo, a dawo maka da ita a karye a daidai wurin nan. Ana cikin haka wani falke ya gaya mini cewa can bayan gabas akwai birnin da ƙashi ke zama dutse. Na ce to, in na samo maganin da suke sha, ɗori ɗaya ya ishi mutum har kabari. Ban tsaya na yi tunanin abin da maɗori zai ci ba in kowa ya daina karyewa. Na ɗauki jakata na kama hanya.

Garin farko da na faɗa shi ne Garin Tuluna, inda mutane ba su da ƙashi ko ɗaya a jiki. Kowa a cikin tulu yake zaune, in zai je unguwa sai ya tuntsurar da tulun ya kwararo. Da suka gan ni a tsaye ba mai riƙe da ni, suka kewaye ni suna ta mamaki. Dattawansu suka yi shawara a gabana, ba ko kunya, suka yanke cewa za su zare abin da ke cikina su kafa rumfar kasuwa da shi. Na roƙi alfarma ɗaya, su bar ni in hau tudun bayan gari in yi sallama da rana. Suka yarda nan take, don a iya saninsu duk abin da ya hau tudu ta inda ya hau yake gangarowa. Ina jin har yanzu suna gindin tudun suna jira.

Daga nan na isa bakin wani kwazazzabo wanda ba a ganin ƙasansa. Ga wata tsuntsuwa mai tsawon giginya a kwance, ƙafa a karye, tana huci. Tsoro ya ce in gudu, sana'a ta ce in duba, kuma dai babu inda zan gudu. Na sare rassan bishiya na ɗora mata. Tun da nake ban taɓa riƙe ƙafa irin wannan ba, yatsu uku a gaba, kowanne ya kai taɓarya. Da ta warke ta sa baki ta ɗauke ni ta wuyan riga, ta tsallake da ni, ta dire ni a ɗaya gefen ba godiya ba sallama. Gashinta ɗaya ya faɗo, na tsinta na sa a jaka.

Haka na iso Birnin Haƙarƙari, a bakin Jan Kogi. Ƙofar birnin haƙarƙari biyu ne na dutse da aka jingina da juna, raƙumi da kayansa yana wucewa ba ya sunkuyawa. Ina shiga na tarar da taro a dandali, sanƙira yana shela: “An gama ginin Gidan Kallo. Wa zai sa kai ya haɗa ƙasusuwan Kaka, ya tayar da shi tsaye? Ba lada, ba tukwici, sai abinci.”

Ni dai kalmar ƙashi na ji, na ɗaga hannu. Sai mutane suka shiga zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, suna cewa Allah ya ba ni haƙuri, Allah ya sa can ta fi nan. Na waiwaya in ga wanda ya rasu, ban ga kowa a bayana ba.

Wani dogon dattijo mai faffaɗan harshe, wanda suke kira Sarkin Ƙashi, shi ya ja ni gefe ya warware mini. Ya ce Kaka wani ƙadangare ne da ya yi zamani tun kafin a halicci mutum, ya mutu a bakin kogin nan, ƙasusuwansa suka zama dutse. Kowane gida a birnin yana riƙe da ƙashi ɗaya, gadon kakanni, kuma wannan ƙashin shi ne shaidar cewa gidan na gari ne. Sau ɗaya a zamanin kowane Sarkin Ƙashi ake tara su a tayar da Kaka, jama'a su gani.

“Dole kowane ƙashi ya taɓa jikin Kaka,” in ji shi. “Gidan da nasa bai samu wuri ba, ba namu ba ne. Ranar buɗe Gidan Kallo za su kwashe kayansu su fita ta ƙofar yamma.”

“To, ranka ya daɗe, ta'aziyyar fa ta mece ce?”

“Au, wannan. Wanda ya haɗa shi ne ke zama a ƙarƙashinsa ranar da za a buga manyan ganguna. Don a tabbatar ya yi aikin da zuciya ɗaya.”

Na tambaye shi wanda ya yi aikin a zamanin da ya wuce. Ya ce mutumin kirki ne ƙwarai, Allah ya jiƙansa.

Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa, Inna Tamadi, don ita kaɗai ke da ɗakin da ba kowa. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, kuma miyarta na sa mutum ya tuna zunubansa saboda barkono. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai ne sarkin karambanin? Zauna ka ci, ɗan nan. Ba a zama ƙarƙashin Kaka da yunwa.” Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya tsaya a kaina sai na cinye, sai ita. Ban yi kwana nawa ba na ji gidan ya zama nawa.

Ranar tara ƙasusuwa na ga abin da ya ɗaure mini kai. Wani ya kawo nasa a kan jaki, ashe dokin ƙofarsa ne. Wata ta kawo kujerar da take zama tana tsefe kai. Liman ya aiko da abin da yake jingina buta. Sarkin Ƙashi yana zaune a ƙofar Gidan Kallo, duk wanda aka miƙo sai ya goge gefe ɗaya ya ɗora harshe a kai. Na tambayi maƙerin da aka haɗa ni da shi, wani ƙato mai suna Buwai, ko yunwa dattijon yake ji. Ya ce a'a, haka ake ganewa. Ƙashin da ya zama dutse yana kama harshe, dutsen banza ba ya kamawa. Na gwada a ɓoye, kuma haka ne.

Inna Tamadi ce ta zo ƙarshe. Ta kwance ɗan ƙunshinta, sai ga dutsen da take niƙa barkono da shi, mulmulalle, bai wuce ƙaramin duma ba. Aka fara gunaguni a baya. Sarkin Ƙashi ya juya shi, ya sake juyawa, ya ɗora harshe. Sai ya miƙe tsaye, idanu suka kawo ruwa, ya buɗe baki yana fifita da hannun riga. Barkonon shekara da shekaru ne ya gaishe shi. Da aka ba shi ruwa ya dawo hayyacinsa, ya ce shi bai ji kamu ba, bai ji rashin kamu ba, wuta kawai ya ji.

“Tamadi, kowa ya san ƙashin gidanku haƙarƙari ne,” in ji shi. “Wannan ban san shi ba. Na ba ki zuwa ranar buɗewa. In bai kama harshe ba, ko bai samu wuri a jikin Kaka ba, kin san ƙofar.”

Ta ce, “Na san ta,” ta juya ta tafi.

Muka shiga aiki ni da Buwai. Kowane ƙashi yana sanye da ɓawon jan dutse, sai an bi shi da basilla ana ɓantara kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya, a share da gashin tsuntsuwar nan, wanda ya yi taurin kai a jiƙa shi a ruwan tsamiya. Wanda ya tsage a liƙe da ƙaro. Yini guda kana sunkuye, abin da ka tona bai fi tafin hannu ba. Wannan duk bai dame ni ba, haƙuri gadon gidanmu ne. Abin da ya dame ni shi ne da muka shimfiɗa su a ƙasa muka duba. Cinya biyar. Kai biyu, ɗaya mai haƙora kamar wuƙaƙe, ɗaya ƙarami mai haƙora kamar turakun awaki. Wuya da wutsiya kuwa ba ka bambance su, kowanne ya tafi har bango. Yatsun ƙafa uku-uku, sak irin na tsuntsuwar da na ɗora. Na zauna na riƙe kai, ina tambayar kaina ƙadangare ne, tsuntsu ne, ko kuwa ni ne na zauce.

Na je na sami Sarkin Ƙashi na ce, “Ranka ya daɗe, anya ba dabba biyu ba ce? Ina jin ma ɗaya ce ta cinye ɗaya.”

Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya. “Baƙo, kada in ƙara jin wannan. Masu babban kai unguwar gabas ne, masu ƙaramin kai unguwar yamma. Kaka ɗaya ne. In ka raba shi ka raba gari.”

Tunda na same shi shi kaɗai, na yi tambayar da ta fito da ni daga gida, wato maganin da ke mayar da ƙashi dutse. Ya ce ai ba wuya. Ka mutu a bakin kogi, laka ta rufe ka, ka yi haƙuri shekaru dubbai a kan dubbai. Na ce babu na masu rai? Ya ce ba su taɓa samun mai ran da ya iya haƙurin ba. Na tuna tudun Garin Tuluna da bakin tsuntsuwa a wuyan rigata. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, sai na koma bakin aiki.

Buwai ya ƙera sandunan ƙarfe, muka fara ɗagawa. Babban kai muka sa a gaba, ƙaramin a ƙarshen wutsiya, kowace unguwa ta ce nata ne gaban. Cinya ta biyar muka kafa a tsakiyar ciki, na ce ko ba komai za ta tare mini wani abu. Kowane ƙashi ya samu wuri, ko da dabara ko da ƙarfi, sai dutsen Inna. Na ce mu sa shi a ramin ido. Buwai ya ce gangar farko za ta sauko da shi a tsakiyar kaina. Na ce mu rataye shi a ciki a ce zuciya ce. Ya ce zuciya ba ƙashi ba ce, kuma duk inda muka sa shi sai ya bi ta harshen dattijo tukuna. Na ɗora nawa harshen a kai, na sha wuta, bai kama ba.

Da la'asar na koma gida na tarar da ita tana daka barkono a turmin aro, ta riga ta ɗaure tabarmarta da tukwane biyu a gefe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, “Inna, ina haƙarƙarin gidan nan ya tafi?”

Ta ci gaba da daka. Can ta ce, “Ruwa ya ci. Shekarar da Jan Kogi ya shigo gari. Ya ɗauki ɗakin, ya ɗauki haƙarƙarin, ya ɗauki maigidan. Ina da goyo a baya, ɗan wata biyar. Na kama reshe da hannu biyu, majanyi ya kwance.” Ta juya barkonon da hannu. “Da ruwa ya janye na bi gaɓar kogi ina tona laka. Ban sami yaron ba. Wannan dutsen na tono, na ji nauyinsa ya yi daidai da hannuna, na kasa ajiyewa. Na zo da shi gida. Zama ba aiki yana sa tunani, sai na sa shi niƙa.”

“Kin san ba ƙashi ba ne ke nan.”

“Ban san komai ba, ɗan nan. Na san dai a garin nan kogin yake. In na fita ta ƙofar yamma, wa zai riƙa zuwa gaɓar?”

Ban iya cin tuwon ranar ba, ita kuwa ta tsaya a kaina sai da na ci.

Dabara ɗaya ta rage mini. Na ce wataƙila barkono ne ya toshe dutsen, in ya fita ko harshe ya ɗan kama. Na jefa shi a kwatarniyar ruwan tsamiya na bar shi ya kwana biyu. Ana gobe buɗewa, da hantsi, na sa hannu in ɗauko, sai na ɗauko rabi. Ɗaya rabin yana ƙasan kwatarniya. Na zauna a ƙasa. Tsohuwa ta ba ni abu ɗaya da ta mallaka, na mayar mata da shi biyu. Buwai ya zo ya tsaya a kaina, ya ce ko a gwada ƙaro.

Na ɗaga rabin zuwa haske in ga yadda bakin zai haɗu. A cikin jan dutsen sai na ga wasu siraran zane farare, kamar ƙayar kifi. Na ɗauki basilla na taɓa. Na ɓantara, na share, na ɓantara. Kafin azahar ga ɗan kai kamar babban yatsana, a sunkuye tsakanin gwiwoyi. Ga ƙashin baya a lanƙwashe. Ga 'yan ƙafafu a naɗe, yatsu uku-uku. Buwai ya leƙo ya ce, “Wannan ai ƙwai ne.” Na ce ƙwan wa? Ya ce shi maƙeri ne, in tambayi wani.

Aka kira Sarkin Ƙashi, aka kira Inna. Dattijo ya fara tambaya ko an wanke barkonon, na rantse masa. Ya sunkuya ya taɓa ɗan ƙashin bayan da ƙarshen harshe, ya ɗago, harshen ya ɗan biyo baya kafin ya saki.

“Ƙashi ne,” in ji shi. “Amma ban san inda za a rataye shi ba. Kaka ba shi da gurbin ƙwai.”

Inna ba ta dube shi ba, idonta yana kan abin da ke tafin hannuna. Ta ce, “Ba a rataye ɗa. A ƙasa ake kwantar da shi, a jikin ƙafar uwarsa.”

“Tamadi, Kaka namiji ne.”

“Wa ya duba?”

Dattijo ya dube ni. Na ce, ranka ya daɗe, dabbar da ke da kai biyu da ƙafa biyar, ni ba zan rantse a kan komai nata ba. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce doka ta ce ya taɓa jiki, ba ta ce a sama ko a ƙasa ba.

Ranar buɗewa gari ya cika Gidan Kallo har bakin ƙofa. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin cikin Kaka, na zauna ina karanta duk addu'ar da na sani da wadda na ji a bakin mutane. Ban ankara ba sai ga Inna Tamadi ta ratsa taro, ta sunkuya ta shigo, ta zauna kusa da ni. Sarkin Ƙashi ya ce ta fito, wurin mutum ɗaya ne. Ta ce a nan ƙashin gidanta yake. Ta zaro wani tsohon majanyi da ya koɗe, ta naɗe shi, ta kwantar da ƙwan a kai, ta tura shi har ya jingina da babban yatsan ƙafar Kaka.

Aka saki ganguna. Ƙasa ta ɗauki rawa, ƙarafan Buwai suka fara kuka, ƙura tana zubo mana a ka. Haƙarƙari suka karkata hagu, suka dawo dama, duk nauyin ya sauka a kan cinya ta biyar, wadda har yau ban san ta wace ce ba, ta kuwa riƙe. Na runtse ido. A cikin wannan ƙara na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa, na zaci da ni take, na buɗe ido. Ashe kanta a ɗage yake, tana duban ƙasusuwan da ke rawa a samanmu.

“Baiwar Allah, ki yafe mini,” take cewa. “Nawa na je nema, na ɗauko naki. Shekara da shekaru ina niƙa barkono da shi, ko sau ɗaya ban goya shi ba. Ga shi na kawo miki. In kin ga nawa a can cikin laka, ki riƙe mini shi.”

Ganguna suka yi shiru, Kaka yana tsaye. Jama'a suka yi ta guɗa, masu yi mini ta'aziyya suka dawo suna yi mini barka, ni kuwa na kasa amsa kowa, don kuka nake yi kamar yaro. Inna ta miƙe ta karkaɗe zane ta ce in tashi mu tafi, akwai kayan da za a kwance, kuma sai na nemo mata wani dutsen tunda na fasa nata.

Na nemo mata, daga kan tudu, nesa da kogi, na lasa na tabbatar ba ƙashi ba ne kafin in kawo. Na baro Birnin Haƙarƙari ba magani a jakata, ban kuma san ko dabbar da na tayar ta taɓa yin kama da abin da na tayar ba. Masu zuwa daga can sun ce tana nan tsaye, kuma kowace safiya akwai tsohuwar da ke biyawa ta gyara majanyi kafin ta wuce gaɓar kogi. Ga kunnuwanku nan na mayar, ku duba ko sun cika. Mai karaya a cikinku ya matso da ita in gani.